Kun rage wa Sania Mirza mudu a wannan labarin

Na karanta labarinku kan tarihin 'yar wasan tanis Sania Mirza ta Indiya, amma kun tsaya kan ritayar da ta yi a Dubai a 2023 da surutun aurenta, kuka bar ainihin aikin. Baiwar Allahn nan manyan kofuna 6 ta ci a wasan tanis na 'yan bibbiyu, 3 da mace, 3 da namiji. A 2015 ta zama ta ɗaya a duniya a wasan bibbiyu, kuma ita da Martina Hingis ta Suwizalan suka kwashe gasar Wimbledon ta Ingila da gasar Amurka a shekarar, suka ƙara da ta Ostireliya a 2016. Wasa 41 a jere ba wanda ya kayar da su.

Masu cewa wasan bibbiyu na ragwaye ne, ku zo ƙauyenmu a gefen Ringim ku kalli lugude. Mata biyu a turmi ɗaya, wannan na ɗaga taɓarya waccan na saukewa, in ɗaya ta yi saurin ƙiftawar ido sai taɓare su gwabzu, gero ya watse. Haka a lokacin Hingis ke tsare gaban raga, Sania na dukan ƙwallo da ƙarfi daga baya.

Abin da ya fi burge ni, Sania ta haihu a 2018, ta dawo a 2020 ta ci kofi a birnin Hobart na Ostireliya. Mu dai nan gidan kallo ƙwallon ƙafa kawai ake sawa, a wayar ƙanena nake ganin guntayen wasanninta, shi ma sai in akwai caji.