Wasiyyar Pauahi ce ta tsone musu ido

Wato dai Edward Blum, Ba'amurken nan mai yaƙi da la'akari da asali ko launin fata wajen ɗaukar ɗalibai, bai ƙoshi ba. Ya gama da jami'ar Harvard a 2023, Kotun Ƙolin Amurka ta ba shi abin da yake so, sai ga shi a 2025 ƙungiyarsa ta tsallaka teku har Hawai ta maka makarantar Kamehameha a kotu. Laifinta wai tana fifita 'ya'yan 'yan asalin tsibiran wajen ɗaukar ɗalibai. Sannu da ƙoƙari, gwarzon adalci! Duk zaluncin da ke Amurka, wannan ne ya hana ka barci.

Dukiyar mace guda ce fa. Bernice Pauahi Bishop jinin sarauta ce, tattaɓa-kunnen Sarki Kamehameha na Ɗaya wanda ya haɗe tsibiran ƙarƙashin mulki guda a 1810. Ta rasu a 1884 ba ta bar ɗa ba, ta bar wasiyya cewa filayen da ta gada, sama da eka 350,000, a gina makarantu da su, ɗaya ta maza ɗaya ta mata. Aka buɗe ta maza a 1887, ta mata a 1894. Abin da mu muka sani da wakafi ke nan. Ba harajin kowa ba ne, ba baitulmalin gwamnati ba. Dukiyarta ce.

Kuma ku tsaya ku dubi abin da idonta ya gani kafin ta ɗauki alƙalami. Lokacin da jirgin Kyaftin Cook ya iso a 1778, 'yan asalin Hawai sun kai aƙalla 300,000. Shekarar da ta rasu ba su kai 50,000 ba. Ƙyanda ta share su a 1848, agana ta biyo baya a 1853, sannan kuturta, wadda saboda ita ake raba uwa da ɗanta, a sa mutum a jirgin ruwa a ajiye shi a Kalaupapa, gaba teku baya dutse, ba dawowa. Mace tana kallon danginta na ƙarewa a gabanta, ta ce ga abin da na mallaka, a ilimantar da waɗanda suka rage. Wallahi duk lokacin da na tuna wannan sai jikina ya yi sanyi.

Bayan rasuwarta ma abin bai tsaya ba. A 1893 'yan kasuwa Turawa, da sojojin ruwan Amurka a bayansu, suka tumɓuke Sarauniya Liliuokalani. A 1896 aka yi doka cewa da Turanci za a koyar a makarantu, yara suka sha bulala don sun yi yaren iyayensu. A 1898 Amurka ta haɗiye ƙasar baki ɗaya. Sai a 1993 majalisarsu ta nemi afuwa, Bill Clinton ya sa hannu. Afuwar baki. An ƙwace sarauta, an ƙwace ƙasa, harshe ya kusa bi, ɗan abin da ya tsira shi ne wannan wasiyya, ita ma yanzu ana hararta.

Na san za a ce doka doka ce, wariya wariya ce. To wace doka suka ɗauko? Ta 1866, wadda aka yi don kare bayin da aka 'yanta. Ita ce yau za a sara wa 'yan Hawai. Kunya dai ta yi ƙaura. Kuma an taɓa gwadawa: a 2006 kotun ɗaukaka ƙara ta goyi bayan makarantar, alƙalai 8 da 7, daga baya aka sasanta a 2007 da dala miliyan 7 kafin Kotun Ƙoli ta taɓa maganar. Wato mai neman adalcin da ya kai waccan ƙarar ya karɓi rabonsa ya kama gabansa.

Wasu kuma su ce ai amintattun da ke riƙe da dukiyar sun taɓa yin wadaƙa da ita. Gaskiya ne, kuma an yi waje da su a 1999. Sai me? In mai riƙon dukiyar marayu ya ci amana, canza shi ake yi, ba a kiran maƙwabta a raba musu gadon. Dukiyarta ce, ta faɗi inda take so ta je.

Af, masu cewa a Kamehameha Obama ya yi karatu, a'a, shi Punahou ya yi, wadda 'yan mishan suka kafa wa 'ya'yansu a 1841. Can ne ma Sanford Dole ya yi, mutumin da ya zama shugaba bayan an kifar da sarauniya. Ɗan uwansa James Dole shi ya kafa kamfanin abarba a 1901, sunan nan da kuke gani a jikin gwangwani a manyan kantuna.