Shayin da Ya Kwantar da Ni a Cape Town

Mai shayin unguwarmu ya san haɗina tun kafin in buɗe baki: ganye biyu, madara kaɗan, sukari cokali uku, sannan a ɗaga kofi sama a tsiyayo har ya yi kumfa. Shekara da shekaru da wannan haɗin nake korar barci, saboda haka da ofishinmu ya tura ni taron mako guda a birnin Cape Town na Afirka ta Kudu, ban ga dalilin ɗaukar ganye a jaka ba, tunda a zatona shayi a ko'ina shayi ne.

Daren da zan wayi gari in gabatar da takardata, na ƙudiri aniyar raba dare ina gyara ta. A ɗakin masaukina akwai butar lantarki da wani ɗan faranti mai ƙunshin ganyaye iri-iri, sai idona ya faɗa kan wanda aka rubuta wa rooibos. Na jefa biyu a kofi, nan da nan ruwan ya yi ja wur kamar an sirka zoɓo, na ce a raina yau na gamu da shayin maza. Da na kurɓa ban ji ɗacin da na saba ba, sai wani zaƙi-zaƙi mai ƙamshin zuma da itace, amma na yanke hukunci cewa ƙarfinsa irin na barkono ne, sai ya wuce maƙogwaro yake nuna hali. Haka na shanye kofi huɗu a jere, ina jiran idanuna su ƙeƙashe.

Abin da na sani bayan nan shi ne bugun ƙofar mai gyaran ɗaki. Na farka kumatuna a kan kwamfuta, harafin "k" ya cika shafi goma sha ɗaya, rana ta fito, sallar asuba ta zama ramuwa, ga shi saura rabin awa a kira sunana. Yadda na gabatar da takardar nan kuwa, gara a bar kaza cikin gashinta.

A lokacin hutu na kai ƙara wurin wata abokiyar aiki 'yar garin Clanwilliam, na shaida mata cewa masaukin nan yana ajiye wa baƙi maganin barci da sunan shayi. Ta yi dariya har da hawaye, sannan ta zaunar da ni kamar ɗan makaranta. Ta ce sunan rooibos da harshen Afrikaans ne, ɗaya daga cikin harsunan ƙasarsu, ana furta shi "roibos", ma'anarsa jan tsiro, kuma a duwatsun Cederberg na yankinsu yake fitowa, arewa da Cape Town. Ba shi da kafeyin ko kaɗan, wato sinadarin da ke korar barci a shayi, shi ya sa suke sha kafin kwanciya, har yara suna ba wa. Ta ce ba shi ya sa ni barci ba, gajiyata ce ta zo ta tarar babu mai gadi a ƙofa.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne da ta ce tsiron ba dangin shayi ba ne sam, dangin wake da gyaɗa ne. Wato ni da nake taƙama da sanin shayi na kwana ina ɗirkar ruwan ɗan uwan harawa, ina jiran ya hana ni barci. Jan da ya yaudare ni ma ba da shi ake yanko shi ba. Ganyensa sirara ne kamar allura, kore shar, sai an daddatse shi, an murje, an yayyafa masa ruwa an tara shi tsibi, kafin ya rine kamar lalle a tafin amarya, daga nan a baza shi a rana ya bushe. Ta ƙara da alfahari cewa tun 2021 Tarayyar Turai ta ba sunan kariya, babu mai sayar da ganye a can da sunan rooibos sai wanda aka noma a yankinsu. Na ce mata da sun nemi shawarata, da an haɗa da dokar rubuta gargaɗi ga masu aikin dare.

Duk da wannan wulaƙanci, ban bar garin ba sai da na sayi kwali uku, domin gaskiya rabona da barci mai daɗi irin na daren nan na manta. Da na dawo gida na kai wa mai shayinmu ƙunshi biyu. Ya dafa, ya bar shi a wuta ya daɗe yana jiran ɗaci ya fito, ɗacin ya ƙi zuwa. Ya zuba madara, ya ɗanɗana, ya saurari labarina har ƙarshe, sannan ya dube ni ya ce, "Yallaɓai, in wannan za ka koma sha a teburina, sai ka riƙa zuwa da tabarmarka."