Don Allah ku daina fasa layin nuni a zanenku

Masu zane da AutoCAD, maganata a kan layin nuni ce, siririn layin nan mai kan kibiya da ke haɗa rubutu da abin da ake bayani a kai. Da ya ɗan yi gardama sai mutum ya buga EXPLODE, umarnin da ke fasa shi gunduwa-gunduwa, ya goge abin da bai so, ya wuce abinsa. Wallahi abin nan yana ƙona mini rai.

Ka ja lambar ma'auni gefe don kada ta hau bango, kwatsam sai ga layi ya fito yana bin ta, alhali ba ka kira shi ba. Manhajar ba ta lalace ba, DIMTMOVE ce, wato saitin da ke kula da matsar da lambar ma'auni, ke kan 1. Mayar da ita 2, lambar za ta zauna inda ka ajiye ta babu jela. A kan 0 kuwa layin ma'aunin ne kacokan yake bin ta. Gara ma ka gyara a cikin DIMSTYLE, inda ake tsara salon ma'auni, duk ma'aunan salon su daidaita lokaci guda.

Shi MLEADER, umarnin zana layin nuni da ya zo tun AutoCAD 2008, yawancin rigimarsa a MLEADERSTYLE take: a nan ake ƙayyade kusurwar layi da yawan gaɓoɓinsa. Idan ya ƙi karkata, duba F8 tukuna, maɓallin da ke tilasta wa layi tafiya a tsaye ko a kwance. Idan kan kibiyar yana tsalle zuwa inda ba ka nufa ba, F3 ce, mai manna layi a jikin abin da ke kusa. Wanda kuma ya ɓace a takardar bugawa, galibi ba a saka masa sikelin tagar da ke nuna zanen a takardar ba ne.

Amma abin da ya fi damuna shi ne ɓarnar fasawa. Ma'aunin da aka fasa ya mutu. A matsar da bango daga 3000 zuwa 3300, lambar tana nan tana cewa 3000. Magini kuwa lamba yake karantawa, ba zai ɗora rula a kan takarda ba. Wanda ya gaji fayil ɗin ma bai san an fasa ba, sai ya ja rubutu ya ga kibiya ta tsaya a baya.

Ku gyara salon sau ɗaya, ku adana shi a fayil ɗin DWT, wanda ake fara sabon zane da shi. In kuma kun kwafo layi daga wani zane ya sauya kama, ku duba sunan salonsa: idan sunan ya zo ɗaya da wanda ke cikin zanenku, naku ne zai yi rinjaye.