Jadawalin hoton bikin ƙanena a Jidda

Da aka sa ranar auren ƙanena, ni na ɗora wa kaina aikin hoto, ba wanda ya roƙe ni. Shekarata uku kacal a Jidda, amma ina jin kaina kamar a Balad, tsohuwar unguwar birnin, aka binne cibiyata. Na zauna gaban kwamfuta na tsara jadawali, na buga kwafi goma: ɗaurin aure 4:15 bayan la'asar, hoton dangi 5:00, ango da amarya a Kornish, wurin shaƙatawa na bakin teku, 6:00 daidai lokacin da rana ke yin ja, da fawwarar Sarki Fahad a bayansu, wadda ke cilla ruwan teku sama kusan mita 300. Zauren biki 8:30.

Kawu, wanda ya haura shekara arba'in a ƙasar nan, ya karɓi nasa kwafin, ya duba gaba ya duba baya, ya ce, "Ɗana, wannan na tashin jirgi ne?" Ya ninke ya sa aljihu.

Malamin ɗaurin aure ya iso biyar da minti goma. Aka shafa fatiha, na fara jera mutane. Da zarar na ce kowa ya kalli nan, sai wani dattijo ya sauka daga motar Makka, layi ya watse, a dasa gaisuwa tun daga gajiyar hanya har lafiyar waɗanda aka baro a Kano. Sau huɗu ana haka.

Na kira Gwaggo. "Gwaggo, amarya ta fito?"

"Fito ina? Yanzu aka fara mata kwalliya a mashgal, shagon kwalliyar mata."

"To yaushe za a gama?"

"Ba'ad shuwayya."

Wato "an jima kaɗan" da Larabci. A ranar na gane shuwayyar Gwaggo awa biyar ce.

Na ce ba komai, da babu gara ba daɗi, na jefa ango shi kaɗai a mota. Na manta ranar Alhamis ce, gobe ba aiki, duk garin bakin teku ya nufa. Muka isa bakwai saura kwata, rana saura ƙiris ta nutse. Ango ya fito cikin bishit ɗin aro, alkyabbar Larabawa, yana zufa kamar an tsamo shi a rijiya. Na zaro kyamara daga sanyin mota zuwa danshin watan Agusta, nan take gilashinta ya yi gumi. Na goge da gefen jallabiya, ya dawo. Na sake gogewa, ya sake dawowa. Lokacin da ya washe, ladan ya kira magariba. Hoto ɗaya na samu, ango tsaye kamar aljani a hazon hunturu, fawwarar kuma ko alamarta babu.

A zauren maza aka yi ta zuba gahawa da dabino, ana zagayawa da turaren wuta. Wajen sha ɗaya aka shimfiɗa kabsa, dafa-dukan shinkafa da nama, cikin minti ashirin maza suka sharɓe, suka wanke hannu, kowa ya kama gabansa. Ni kuwa na rataya kyamara na doshi ƙofar mata da ƙarfin gwiwa.

Wata ƙatuwar mata na zaune a bakin ƙofa, gabanta kwando cike da wayoyi, kowace da lambarta.

"Ina zuwa, Alhaji?"

"Ni ne mai hoto. Yayan ango ne ni."

"Ko kai ka haifi ango. Matan ma wayoyinsu na nan."

Ashe akwai mace mai hoto a ciki, Gwaggo ta biya ta tun wata uku da suka wuce. Duk gidan an sani, ni kaɗai aka bari ina buga takarda.

Amarya ta shiga ƙarfe ɗaya da rabi na dare. Ni ina wajen ajiye motoci tare da direbobi, muna jin guɗa daga nesa muna korar barci. Hotonta har yau ban gani ba, Gwaggo ta ce ba na maza ba ne.

Wajen ƙarfe uku Kawu ya leƙo tagar motata ya miƙo min ƙunshin nama, ya ce in taɓa kar in kwana da yunwa. Da jadawalina ya naɗe shi, maiƙo ya jiƙe daidai wajen da na rubuta 6:00.