Kafin ka jefar da tsohuwar na'urarka, ka duba abin da ya gaji a cikinta

'Yan uwa matasa, wata ɗabi'a ta yi mana katutu: da zarar kwamfuta ta fara nauyi ko waya ta daina riƙe caji, sai mu yanke mata hukunci, mu shiga tara kuɗin sabuwa. Alhali sau da yawa abu ɗaya ne ya gaji a ciki, sauran kayan lafiyarsu ƙalau.

Kwamfutar da sai ka yi ta jira kafin ta tashi, galibi laifin faifan ajiya ne irin na da, wato HDD, mai juyawa da allura. Cire shi ka sa SSD, wato ma'ajiya ta zamani marar juyawa, mai irin bakin da ake kira SATA, inci 2.5. HDD na karanta kusan megabait 100 a daƙiƙa, SSD kuwa kusan 500, kuma ba ya ɓata lokaci wajen laluben ƙananan fayiloli. Wannan gyara kaɗai ya isa ya sauya halin na'urar. Sai RAM, wato ƙwaƙwalwar da kwamfuta ke riƙe aikin da take yi a lokacin: idan gigabait 4 gare ka, kai shi 8. Amma kada ka sayo da ka. Duba ko DDR3 ne, ko DDR3L, ko DDR4. Tsagin DDR4 daban yake, ba zai shiga ramin DDR3 ba. Wanda ya fi yaudarar mutane shi ne DDR3 da DDR3L, domin kamanninsu ɗaya, amma na farko bolt 1.5 yake ci, na biyu 1.35. Kwamfutar da aka ƙera don DDR3L tana iya ƙin tashi idan ka sa mata ɗayan. Wasu kuma a liƙe RAM ɗinsu yake, babu abin ƙarawa.

Idan zafi take yi har ta mutu da kanta, ƙura ce ta toshe mafitar iska. Cire caja da batir tukuna, riƙe fankar da yatsa kada ta juya, sannan ka hure. Goge busasshen man ɗauke zafi (thermal paste) da ke kan firosesa, wato ƙwaƙwalwar sarrafawa ta kwamfuta, ka sa sabo irinsa, ɗan ɗigo kawai.

Na san abin da ke tsorata mutane yanzu. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma tana neman TPM 2.0, wato wani ɓangaren tsaro na cikin kwamfuta, da firosesa daga zubi na takwas zuwa sama idan na Intel ne. Wannan sharaɗin kamfani ne, ba mutuwar kwamfutarka ba. Zuba Linux Mint, wata babbar manhaja da ke maye gurbin Windows, a filashi mai gigabait 8, ka tashe ta daga filashin ba tare da ka goge komai ba, ka gwada Wi-Fi da sauti da kyamara. Gaskiya dai Photoshop ba ya aiki a kai kai tsaye, amma karatu, rubutu da LibreOffice (madadin Microsoft Office), intanet da koyon rubuta manhaja duk za su tafi daidai.

Waya kuwa, batir ne farkon mai gajiya. Bayan cika da ƙarewa kamar sau 500 ƙarfinsa yakan sauka zuwa wajen kashi 80 cikin ɗari. Canza shi ake yi. Idan ya kumbura har ya ɗaga gilashi, daina caji nan take, kada ka danna shi ko ka huda, yana kamawa da wuta. Wayar da caja ke karkacewa a bakinta, yawanci dattin aljihu ne ya cushe ramin. Kashe ta ka sakace a hankali da tsinke, ban da allura.

Abu ɗaya ne ban yarda a yi sakaci da shi ba: wayar da ta daina samun sabuntawar tsaro, kada a bar manhajar banki a kanta. A mayar da ita ta karatun yara, sauraron darasi ko kyamarar tsaro. In kuma kyauta za ka bayar, kwashe hotunanka, ka cire asusunka na Google kafin ka goge ta gaba ɗaya. Idan ka goge ta ta bayan fage, wato ba ta cikin saitinta ba, asusun yana ciki, za ta kulle, sai wanda ka ba ya dawo neman kalmar sirrinka.