Ku bar mana adireshin shafi yadda yake

Masu gina shafukan intanet, don Allah ku saurare mu, mun gaji. Sana'ata cike wa ɗalibai da masu neman aiki takardun rajista a nan Garwa ta ƙasar Kamaru, kuma akwai abin da kuke yi da ke ci mini tuwo a ƙwarya kullum.

Mutum ya buɗe doguwar sanarwar jarrabawa, a sama an jera sharuɗɗa, kuɗin rajista, takardun da ake buƙata, ranar rufewa. Ya taɓa ɗaya, shafin ya gangara da shi wurin. To madalla. Amma nan take adireshin da ke sama ya canza, an liƙa masa alamar # da wata kalma a wutsiya, burauza kuma, wato manhajar buɗe shafukan intanet, ta ajiye wannan a tarihinta kamar an shiga sabon shafi. Ka taɓa wurare biyar, ta ajiye biyar. Sai ka zo komawa baya a wayar Android, ka danna, kana nan. Ka sake dannawa, kana nan, shafin sai tsalle yake sama da ƙasa. Haushi ya sa ka danna da sauri, ka zarce, ka fice gaba ɗaya, duk abin da ka cike ya tafi: suna, ranar haihuwa, lambar katin ɗan ƙasa. Ga yarinya tsaye a kanka cikin zafin watan Afrilu tana cewa, "Kawu, ya shiga?" Datar dala ɗari, wato sefa ɗari biyar, da ta saya tana ƙonewa, intanet na rarrafe, batir ya yi ja, wuta kuwa an ɗauke tun safe.

Abin da ya fi ƙona mini rai, gyaran ba wuya. A JavaScript, harshen da kuke tsara aikin shafi da shi, umarnin preventDefault yana hana adireshin canzawa, umarnin scrollIntoView ya kai mutum inda yake so. Layi nawa ne? In ma dole sai alamar ta fito, ai akwai history.replaceState, wanda ke maye gurbin adireshin ba tare da tara shara a tarihi ba.

Na san amfanin #, da ita ake tura wa mutum daidai sashen da ake nufi a WhatsApp. To ku sa ɗan maɓallin kwafe adireshin sashen a gefen kowane kan magana, mai so ya taɓa. Kuma kafin ku miƙa aiki ku karɓi kuɗinku, ku gwada shi a ƙaramar waya mai fasasshen gilashi irin ta mutanenmu, ku danna komawa baya ku gani da idonku.