Masu lasifika nake tsoro

An ce sinadaran da jiki ke daidaita hawan jini da su za su iya zama maganin taurin jijiyoyin jini. "Za su iya" fa, jama'a a lura. Hanyar ba sabuwa ba ce: ƙoda ke fitar da wani sinadari, renin, daga nan a samu wani kuma, anjiyotensin, mai matse jijiya, wanda maganin hawan jini lisinopril ke rage wa ƙarfi. Maganin nan Hajiyarmu ke sha nan Unguwar Rogo, duk da busasshen tarin da yake sa ta, ga sanyin Jos. Amma kitsen da ya riga ya daskare a bangon jijiya, mai kawo taurin, fa? Nan nake jiran bayani. Tsorona masu tallan magani da lasifika a kasuwar Taminus, gobe ka ji sun haɗa nasu a gora, naira 500.